Kwana biyar a Damagaram, bikin ƙawar da ban taɓa gani ba

Naira ɗari biyar ce ta haɗa mu. Shekara huɗu da suka wuce, a wani guruf na WhatsApp na masu karanta littattafan Hausa, marubuciyar da muke bi ta kai mu daidai inda labari ya ɗau zafi, sai ta ce shafukan kyauta sun ƙare, mai son ci gaba ta turo 500. Can cikin dare sai ga saƙo ta bayan fage daga wata lamba mai farawa da +227: "Don Allah 'yar'uwa, ni a Nijar nake, ba ni da asusun naira. Ki biya mini, zan turo miki kati." Na biya. Katin bai taɓa zuwa ba, don katin wayarsu ba ya shiga layinmu, mu duka biyun sai daga baya muka tuna. Daga nan muka ɗinke. Mun cinye littattafan da ban san adadinsu ba, mun yi kuka tare a kan finafinan Koriya, mun yi faɗa a kan jaruman Indiya har da gaba ta kwana uku. Na san ranar da saurayinta ya fara zuwa zance. Amma ban taɓa ganin ta ido da ido ba.

Da aka sa ranar bikinta a Disamba, Baba ya dube ni ya ce, "Ƙawar waya? Har wata ƙasa?" Sai da mahaifiyarta ta kira Umma suka yi kusan awa guda suna gaisawa, sannan Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda ta yi shekaru tana saro turaren wuta daga can, ta kashe maganar. Ta ce, "Yaya, Damagaram fa ta fi Abuja kusa. Ni zan kai ta, ni zan dawo da ita."

Ana gobe tafiya, mai ruwan layinmu ya sauke mana jarkoki sai ya tsaya yana sosa ƙeya. Shekara uku yana kawo mana ruwa, kowa Buzu yake ce masa, ni ban taɓa tambayar sa garinsu ba. Ya ce, "Hajiya ƙarama, na ji an ce Damagaram za ki. Ai ta garinmu za ku bi, Kance. Ko za ki riƙe mini saƙo ga tsohuwa?" Ya kawo leda, atamfa turmi ɗaya da sabulu da kuɗi a ƙulle cikin takarda, ya rubuta mini lambar ƙanensa. A ranar na san ba Buzu ba ne, Bahaushe ne kamar ni.

Gwaggo ta riga ta je Wapa ta yi mana canji. Naira dubu 50 da na yi wata biyu ina tarawa ta dawo mini takardu 'yan ƙalilan, ba su kai jika 20 na sefa ba. Na juya su na sake juyawa, na ce Gwaggo ko dai an cuce ki? Ta ce, "Kuɗinku ne ya zama takardar tsire."

Bayan sallar asuba muka shiga mota a tashar Ƙofar Ruwa, hazo ya rufe gari, kowa ya duƙunƙune. Mu huɗu a baya, biyu a gaba, ga akwatina ga katon ɗin kofunan da na saya wa amarya a Sabon Gari, wanda na hana a ɗaure a but na rungume shi a cinya. Dawanau, Dambatta, Kazaure, duk barci na yi. A Daura na farka, na so a tsaya in leƙa rijiyar Kusugu, direba ya ce shi ba yawon buɗe ido ya fito ba.

Daga Daura zuwa Kwangwalam tafiyar ba ta da tsawo, shingaye ne suke ja mata rai. Na ƙirga har tara na gaji. Direba ya riga ya nannaɗe canjinsa a tsakanin yatsu, ya rage gudu, a gaisa, hannu ya taɓa hannu, a janye itace mai ƙusoshi. A wani shingen aka ce a buɗe katon ɗina. Na buɗe, mai kakin ya ɗaga kofi ɗaya yana dubawa kamar yau ya fara ganin tangaran, ya ce kaya ne na sayarwa. Gwaggo ta leƙo ta taga ta ce, "Ɗana, kofi shida ne jarin? Gudummawar biki ce, in kana da 'ya Allah ya nuna maka nata." Ya mayar ya ce mu je.

A kan iyaka muka sauka muka bi layi da fasfo da katin rigakafi. Mu da takardunmu suka cika ba mu daɗe ba. Wasu samari biyu 'yan cirani da muka taho tare, ba su da komai sai jakar leda, aka ja su gefe, muka yi zaman jiran su kusan minti arba'in, suka dawo suna ƙunƙuni a kan abin da aka raba su da shi. Da muka tsallaka Ɗan Barto, na zuba ido in ga wata ƙasa. Ba wata ƙasa. Karan gero ne a tsaye a gonaki, gawo da aduwa, amalanken shanu, yara da tallan gyaɗa. Kakin jami'ai ne ya sauya, sai allunan hanya da suka koma Faransanci. Jandarman da ya karɓi fasfona ya ce, "Ina za ki, ɗiyata?" Na ce biki. Ya ce, "To a kawo mana goro in an dawo."

Nan wayata ta mutu murus. Ba caji ne ya ƙare ba, layi ne ya ɗauke. Sai a lokacin hankalina ya tashi, don ban san sunan unguwarsu sosai ba, ban san gidan ba, komai nawa da ita a cikin wayar nan yake. Wani dattijo da ya shigo motar a iyaka, malamin makaranta ne da ya yi ritaya, ya ga ina ta ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa, ya miƙo mini tasa. Na karanto masa lambar, guda takwas kacal, yana maimaitawa da Faransanci yana dannawa. Na lura ko a kasuwa haka suke, hira da Hausa, lambar waya da Faransanci.

A Matamaye muka tsaya cin abinci, a nan na sha kunyar farko. Na ɗauki ƙullin gyaɗa na tambayi yarinya nawa, ta ce dala ashirin. Na tsaya ina kallon ta. Na zaro takardar jika biyu na miƙa, ta ja da baya ta ce, "Ni ina na ga canjin wannan?" Malam ya yi dariya ya koya mini lissafin: dala ɗaya sefa biyar ce, don haka dala ashirin sefa 100, dala ɗari sefa 500, dala metan kuwa ita ce jika, sefa 1,000. Duk abin da aka faɗa miki, ki ninka sau biyar. Gwaggo ta ce ai mu ma da muna da dala, sule biyu ke nan, ku ne 'yan yanzu ba ku tarar ba. Kuma har yau in tsoho ya ce jaka a Kano, naira 200 yake nufi. Wani abin da ya burge ni, kuɗin ƙarfe yana aiki a can. Rabona da in ga an sayi abu da kwabo a Kano tun ina 'yar firamare, amma ga ni da aljihun jaka yana ƙara kacau-kacau.

A Kance ƙanen mai ruwa yana tsaye a bakin titi tun hantsi. Kamarsu ɗaya, har wushiryar. Ya karɓi ledar da hannu biyu, ya tambaye ni lafiyar yayansa, ya rame ko bai rame ba. Na ce lafiyarsa lau. Gaskiya ban taɓa duban sa da kyau da zan iya amsa tambayar ba.

Daga Takeita muka hau babban titin da ya taso daga Yamai. Da muka zo Tirmini, Malam ya nuna mini fili ya ce a nan dakarun Damagaram suka gwabza da Faransawa a 1899, zamanin Sarki Amadu Kuren Daga, shekara guda bayan an kashe wani hafsan Faransa a birnin. Ya ƙara da cewa Zinder, wato Damagaram, ita ce hedikwatar Nijar kafin Turawa su mayar da ita Yamai a 1926. Ya tambaye ni ko an koya mana a makaranta. Na ce a'a. Ya ce, "Mu kuwa mun san Bagauda, mun san Dabo." Na yi shiru na gyara riƙon katon.

Duwatsu ne suka fara tarbar mu, manya-manya, a dunƙule, wasu a kan wasu kamar an jera su da hannu, gidaje a tsakaninsu. Mun sauka a tasha bayan la'asar. Ina ta raba ido ina neman ƙanwar amarya da aka ce za ta zo, sai ga wata a kan babur, da dogon hijabi da tabarau, ta ja birki a gabana. Ta cire tabarau. Amarya ce da kanta, ta sato jiki ta fito. Ta fi yadda nake zato gajarta, ta fi hotunanta duhu da kyau. Mutanen da suke saƙon murya na minti goma-goma kullum, sai ga mu mun tsaya cirko-cirko kowa ta rasa abin faɗa. Ita ce ta fara magana: "Ke ƙawalli, ɗari biyar ɗinki kika biyo har nan?" Muka rungume juna muna dariya muna hawaye, Gwaggo tana cewa ku dai ku bar tsakiyar titi.

Gwaggo da kaya suka shiga adaidaita, ni na hau bayanta. A Kano tun 2013 aka hana acaɓa ɗaukar fasinja, kuma ko kafin nan ban taɓa ganin budurwa a unguwarmu tana tuƙa babur ba. A can ko kallo ba ta isa ba. Mata da yawa muka wuce a kan nasu, wata da goyo, wata da kwandon cefane. Na ƙanƙame ta ina salati har gida.

Gidansu a Zango yake. Muna shiga na ji ta koma wata mutum. "Inna, ga ta ta taho lahiya. Mi za a ba ta, hura ko ruwa?" Na ce ke, wannan Hausar fa? Ta ce, "Wadda nike miki a waya ai ta fim ce, don kar ki yi mini dariya." Shekara huɗu tana yi mini Kananci, ni ko sau ɗaya ban lura cewa aro take yi ba. Kakarta kuwa, tsohuwa mai zanen baki a kan tabarma, tana jin an ce daga Kano nake ta ce, "Af, an kawo mini baiwa! Kanawa ai bayinmu ne, kakanninmu har ƙofar garinku suka kai yaƙi." Gwaggo ta ce, "Suka kai, suka shiga?" Aka kwashe da dariya. Kullum da safe in na je gaishe ta sai ta ce baiwa ta zo, ta ba ni goro da alawa.

Mu tara muka kwana a ɗaki ɗaya, ƙawayen amarya da 'yan'uwa, katifu a ƙasa. Kashegari na yi abin da har yanzu in na tuna nake jin nauyi. Aka kai mini bokiti cike, na yi wanka irin na gida, na wanke kayan da na yi tafiya da su, na zubar da sauran. Da na fito na ga ƙanwarta ta leƙa bokitin ta dubi yayarta, ba wanda ya ce komai. Sai da dare na gane. Wajen ƙarfe biyu na ji motsi a tsakar gida, na leƙa, mata ne a layi gaban famfo da robobi da tukwane, don a lokacin ruwa ke zuwa, in ya zo. Bokitin da na ƙarar na mutum uku ne. Mu ma a Kano sayen ruwa muke, amma ban taɓa ganin inda ake lissafinsa kamar kuɗi irin Damagaram ba. Ruwan da aka wanke shinkafa ba a zubarwa, na awaki ne. Daga ranar na koyi wanka da rabin bokiti, har da ragowar alwala.

Abinci kam na ci. Da safe dogon burodi mai ɓawo, wanda in kika gutsura sai ya zubo miki gari a zani, da shayi da madara. Da rana dambu da zogale, ya sha ƙuli da albasa da mai. Fura ba a tambaya, tana nan a ƙwarya duk wuni. Kilishinsu ya fi namu taushi, ko da yake da na faɗi haka a gida Yaya ya ce santin baƙunta ne. A ƙofar gida samarin unguwa suna zaune a fadarsu, butar shayi a kan gawayi, ana zuba shi daga sama har ya yi kumfa, su aiko mana ciki a 'yan ƙananan kofuna, na farko da ɗaci kamar maɗaci.

Hirar dare ita ce bikin a wurina. Suna jin Bakanuwa ta zo suka yanyame ni. Wace jaruma ce ta yi aure a ɓoye? Da gaske wane da wance ba sa ga maciji? In na je Zoo Road ina ganin su? Na ce ni fa ban taɓa ganin ɗan fim ko ɗaya ido da ido ba, sai sau ɗaya a danja, shi ma ta gilashin mota. Suka ƙi yarda. Sun san shirye-shiryen Arewa24 fiye da ni, sun san ranar da kowane shiri mai dogon zango ke fita a YouTube, sun san sabuwar sarar da 'yan TikTok na Kano suka fito da ita makon jiya. Wata 'yar lise, wato sakandare, da ba ta taɓa taka Najeriya ba ta jero mini Kantin Kwari, Kurmi, Hotoro, Gadar Lado. Sai ɗaya ta ce, "To ke wane mawaƙin Nijar kike saurare?" Na buɗe baki na rufe. Suka yi mini uzuri da sauri, suka kunna mini kiɗan jita irin na Agadas da wasu waƙoƙin gambara da ake cakuɗa Hausa da Zabarmanci da Faransanci. Uzurin ya fi tambayar ciwo.

A daren ne maganar 2023 ta taso. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke musu wutar lantarki, aka yi ta maganar tura sojoji. Ni abin da na riƙe daga lokacin shi ne guruf ɗinmu ya yi tsami, 'yan Nijar da yawa suka fita, ita kuma ta rage magana. Na ɗauka fushi take da ni. Ta ce, "Wane fushi? Caji ne babu. Sai in kai waya shagon mai sola in bi layi, in ta samu kaɗan in karanta shafi biyu in gaishe ki." Ta ce kayan masarufi sun yi tsada, maganin ciwon sukarin babanta da ake kawowa daga Kano ya yanke, sai ta hanyar daji a kan babur. Sai a Maris 2024 aka buɗe iyakar. Wata bakwai tana cikin wannan, ni ina turo mata hotunan anko ina tambayar ta wane launi ya fi.

Ana jibi ɗaurin aure ƙanenta ya zaga da mu Birni. Lunguna ne matsattsu irin na cikin Kano, gidajen ƙasa masu zanko da zane a fuska, wasu an shafe su da launi. Fadar Sarkin Damagaram tana tsaye da katangarta mai kauri, dogarai a ƙofa, babban masallaci a gabanta. Ya ce Sarki Tanimun ne ya ɗaukaka garin a ƙarni na 19, ya kewaye shi da ganuwa, har igwa ake ƙerawa a zamaninsa. Zango kuwa masaukin ayari ne, fataken da suka taso daga Kano za su Agadas su haura Sahara a nan suke yada zango. Na ce ashe Faggenku ce. Daga nan muka shiga Kasuwar Dole, Gwaggo ta ɓace cikin 'yan turare, ni na sayi takalmin fata jika uku bayan na yi ciniki da dala kamar 'yar gari. Rabin kayan shagunan daga Kano suke, har irin kofunan da na rungumo tun daga Ƙofar Ruwa na gani a jere. Ban gaya wa amarya ba.

Bikin kansa bai bambanta da namu sosai ba: lalle, wuni, ɗaurin aure da safe, kai amarya da dare. Sai dai turare. An yi kwanaki ana tsuguna mata a kan kasko, an jiƙa ta da humra, har ɗakin da muke kwana ya kama. Waƙoƙin da mai kiɗa ya saka kusan duk na Kano ne, ni ce ma aka tura tsakiyar fili wai in nuna musu yadda ake takawa a tushe, na kuwa ba su kunya, don ƙanwarta ta fi ni iyawa nesa ba kusa ba. Na yi liƙi da sababbin naira ɗari-ɗari, yara suka tsince suna tambayar dala nawa ke nan.

Ranar da za mu taho muka biya ta gidanta da sassafe. Ta fito lulluɓe, ido ya kumbura, ta kama hannuna ta danƙa mini wani abu mai sanyi. Ƙarfe ne, sefa 500. Ta ce, "Bashinki." Na ce wannan ai ya ninka abin da na biya, riba kike so in ci? Ta ce, "Ni ɗari biyar na ranta, ɗari biyar na biya. Naku ne ya faɗi." Kaka ta aiko mini da ƙullin turare, wai a ba baiwa.

Komawa ba ta da labari, shingayen nan dai suna nan inda muka bar su. A Kance ƙanen mai ruwa ya sake tare mu da ƙullin kuka da busasshiyar kuɓewa da gero kwano biyu, ya ce in ji tsohuwa. Muna wuce Kwangwalam wayata ta farfaɗo, saƙonni suka yi ta shigowa kamar ruwan ƙanƙara.

Washegari da mai ruwa ya zo na ba shi saƙonsa. Na dube shi da kyau a karon nan, ya rame. Ya tambaye ni hanya, ya tambaye ni ko an gyara titin Matamaye, ko gero ya yi kyau bana. Na ɗauko ƙarfen nan na nuna masa. Ya goge hannunsa a riga kafin ya karɓa, ya juya gaba ya juya baya, ya ce, "Dala ɗari." Ya daɗe yana riƙe da shi, sannan ya miƙo mini, ya ɗauki jarkokinsa ya tura kura zuwa gida na gaba.